Tsokaci a kan Darasin Mantiƙi a Manyan Makarantu

A manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a shekarar 2022, darasin falsafa da mantiƙi, wato GST 212, yana cikin darussan gama-gari. Saboda haka ɗalibin da ya taso daga Damagum, hedikwatar ƙaramar hukumar Fune, ya shiga Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, babu makawa sai ya yi karo da shi. Manufar darasin abar yabo ce. Inda gizo ke saƙa shi ne harshen da ake gina misalai da shi.

Ɗalibin nan, ko Bakarkare ne ko Bafulatani, da Hausa yake ciniki da musu. Amma a aji sai a ba shi sunayen kurakuran hujja cikin Ingilishi da Latinanci ya haddace, ya zuba su a takardar jarrabawa, ba tare da ya taɓa auna su da maganar bakinsa ba. Alhali Hausa ta tanadi kayan aikin. Ta bambanta “in” na sharaɗi da “da” na abin da bai auku ba. Haka kuma “sai” tana ɗauke da sharaɗin dole: “ba ya shiga sai da takarda” ba ta ce duk mai takarda zai shiga ba. Kalmar “wasu” ta fi su wuya, domin a kunnen Bahaushe “wasu ɗalibai sun ci” tana nuna ba duka ba ne, a mantiƙi kuwa ba ta kore “duka” ba. Malamin da bai fayyace wannan ba, a banza zai zana murabba'in Aristo a allo.

Misali ma ba ya wuya. “In Laraba ce, motocin shanu sukan cika hanyar Potiskum, sun cika ta, ashe Laraba ce.” Ɗan kasuwa zai gano gurguntar wannan hujja kafin a faɗa masa sunanta.

Bugu da ƙari, gabatar da fannin kamar baƙo kuskure ne na tarihi. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya wallafa waƙe a kan mantiƙi, har ya yi jayayya da Suyuɗi a kan halaccinsa. Littafin Sullam na Ahalari kuwa an daɗe ana karanta shi a zaurukan malamai. Kalmomin fannin da ke cikinsu, irin su ƙaliyya da ƙiyasi da natija, ya kamata kwamitin ƙirƙirar kalmomi ya fara tantancewa kafin ya ƙago sababbi.