Kafin a Dasa Manhaja a Sabuwar Waya, a Duba Wadda ke Hannun Mutane

Abin da ake yayi yanzu tsakanin matasa masu rubuta manhajar waya, har da masu karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, shi ne a rubuta manhaja sau ɗaya ta yi aiki a kowace irin waya. Kayan aikin da suka fi tashe su ne React Native da Facebook ya saki a 2015, da Flutter na Google da ya fito cikakke a Disambar 2018. Da zarar wata sabuwar babbar manhajar waya ta ɓullo, sai magana ta koma kan wa zai fara dasa waɗannan kayan a kanta. Haka ake yi da HarmonyOS NEXT ta Huawei, wadda aka ƙaddamar a Oktoban 2024, ba ta kuma karɓar manhajojin Android.

Dashen nan ba wasa ba ne. Sai an sake rubuta sashen da ke zana abubuwa a fuskar waya, da mai jin taɓawar yatsa, da mai haɗa manhaja da kyamara da madannin rubutu da sanarwa. Duk wanda ya iya wannan ya san cikin waya, kuma ya cancanci yabo. Amma a ganina ba nan ya kamata yaranmu su fara zuba ƙarfinsu ba.

Tarihi ya isa darasi. A 2008 Nokia ta sayi kamfanin Trolltech domin ta mallaki Qt, wani kayan aiki irin waɗannan, da niyyar manhaja ɗaya ta hau babbar manhajar wayoyinta ta Symbian, daga baya ta hau MeeGo. A Fabrairun 2011 sai ta juya ta rungumi Windows Phone, ta bar waɗanda suka yi wahalar koyon hanyar farko riƙe da baki. Ita ma Windows Phone ba ta yi ƙarko ba, har WhatsApp ya janye daga kanta a ƙarshen 2019. Qt kuwa ya tsira, an kuma dasa shi a Android da iOS, inda jama'a suke.

To ina jama'armu suke? A kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kurfi, Tecno da itel da Infinix ne a hannun mafi yawan masu babbar waya, duk Android, da yawansu masu ƙaramin wurin ajiya. Wasu kuma ƙaramar waya mai madannai ce a hannunsu, kira da saƙo da tocila. Manhaja mai nauyi, mai cin data da caji, goge ta ake yi don a samu wurin hotuna.

Kada kuma a manta da Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, Dutsin-Ma da Kurfi na ciki. Duk manhajar da ba ta motsi sai da intanet ta zama hoto a waya. Mai shagon da ya ajiye lissafin bashinsa a irinta sai komawa littafi.

Saboda haka aikin da ya fi cancantar gumin ɗanmu shi ne ya sa Flutter ɗin ya yi gudu a waya mai araha, ya adana bayani a cikinta har sabis ya dawo, ya kuma nuna ɓ da ɗ da ƙ daidai, ba akwatuna ba. Ya ware ainihin lissafin manhajarsa daga sashen da ya dogara da irin wayar, ta yadda ko gobe kasuwa ta sauya, sauyin ba zai ci masa aikin duka ba.

Ga malamai masu duba aikin ƙarshe na ɗalibai kuwa, shawarata guda ce: a gwada manhajar a waya mafi araha da ke cikin ajin, a kashe data, sannan a ba da maki.