Wa Zai Kwana a Soron Kakanninmu?

A gefen kogin Thames a Ingila akwai wani tsohon gidan attajirai mai suna Cliveden. Iyalin Astor suka miƙa shi ga National Trust a 1942, daga tsakiyar shekarun 1980 kuma ya koma otal, kuɗin kwanan baƙi na taimakawa wajen riƙe ginin. Duk sanda damina ta ci wani soro a cikin birnin Kano, sai mu ji masu cewa mu ma mu yi haka. Shawarar ba ta banza ba ce, amma da gyara.

Inda suke da gaskiya shi ne, ginin ƙasa ba ya daɗewa sai da mai kwana a cikinsa. Bango na son yaɓe, azara na son a duba ta, indararo na son a share shi kafin ruwan fari. Gidan Makama, wanda ake dangantawa da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ya tsira ne da zama gidan tarihi, amma ba kowane soro ne zai samu wannan gatan ba. Sauran magada ke rabawa, a rushe, a ɗora bulo da kwano.

Ga inda muka rabu da su. Gida irin Cliveden don tara baƙi aka gina shi. Gidan Bahaushe kuwa don tace baƙo aka gina shi: zaure, ƙofar gida, shigifa, sannan cikin gida, kowace ƙofa na tambayarka kai wane ne a wurin masu gidan. Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta mun san irin wannan tsari na izini hawa-hawa, kuma da wuya mu ga wanda ya fi shi kyau. Otal da makulli ɗaya yake warware shi, wanda ya biya ya zarce har turaka. Zanen bango na nan, zanko na nan, amma abin da ya mai da ginin gida ya tafi. Ko a Agadas, inda fadar Kaocen ta zama Hôtel de l'Aïr, ai fada aka mayar, ba ɗakin uwargida ba.

Abin mamaki, masu wannan shawara sun tsallake abin da Kano ta daɗe da sani. Fataken goro da na fata a gidan fatoma suke sauka. Shi ke ba su ɗaki a gaban gida, ya adana kayansu, ya haɗa su da masu saye a Kurmi, ya tsaya musu idan an ci bashi. Tuwo na fitowa daga ciki, baƙo ya yi wata uku bai ga fuskar mai tuƙa shi ba. Gida na samun kuɗi, iyali na nan a cikinsa.

Irin wannan masauki muke so mu gani a Dala ko Yakasai lokacin Hawan Daushe: ɗaki biyu bayan zaure, masu gida na ciki, rabin kuɗin ya tafi ga maginin da har yanzu ya iya haɗa makuba.