Gwanin da Ke Bayan Takardar Kora

A kowace ma'aikatar gwamnati akwai wani jami'in mulki da ba a cika jin muryarsa ba, sai ranar da shugaba ya fusata ya ce a kori wane yau-yau ɗin nan. Shi ne mai cewa, "Ranka ya daɗe, a bari mu fara ba shi kweri." Wasu na ɗaukar wannan a matsayin jan ƙafa. Ni kuwa ban san wata gwaninta a aikin ofis da ta fi ta ba.

Kweri ita ce takardar tuhuma, kuma rubuta ta ba wasan yara ba ne. Ɗan koyo zai rubuta cewa wane ba shi da ɗa'a, ya sa hannu. Gwani ba ya rubuta hali, abin da ya faru yake rubutawa: ranar kaza ba ka zo aiki ba, ga rajistar sa hannu, baucan kaza ka karɓi kuɗinsa, ba a ga rasit ba. Sai ya kawo sashen Dokokin Aikin Gwamnati da aka saɓa, ya faɗi hukuncin da ka iya biyo baya, ya yanka wa'adin amsa, galibi awa 48 ko 72. In laifin na kora ne, sai ya ba wanda ake tuhuma damar duba duk takardun da za a kafa hujja da su a kansa, ya kuma sa shi ya rubuta cewa ya gani. Wannan ɗan layin, da mutane ke rainawa, shi ke riƙe shari'a bayan shekaru.

Daga nan sai kwamitin bincike, mutum uku aƙalla, ban da shugaban sashen mai laifin, don mai ƙara ba ya zama alƙali. Shaidu su yi magana a gaban wanda ake tuhuma, shi ma ya yi musu tambaya. Gwani yana sauraro har da abin da ba a faɗa ba. Ya san masinja da akawun rajista sun fi darakta sanin inda fayil ya kwana. Ya san bambancin dakatarwa a kan rabin albashi da kora, wadda ke tafiya da haƙƙoƙin barin aiki, wato gumin mutum na shekara talatin da abincin iyalinsa. Ya kuma san iyakar ikon maigidansa: a tarayya babban sakatare na iya korar ɗan mataki na 6 zuwa ƙasa, na sama kuwa sai Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya.

Me ya sa duk wannan wahala? Najeriya ta ɗanɗana akasinta. A 1975 gwamnatin Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata sama da 10,000, da yawa a rediyo suka ji sunayensu, kan mai uwa da wabi. Ɓarayi sun tafi, masu gaskiya ma sun tafi. Bayan haka kotu ta ja layi. A 1981, a shari'ar Shitta-Bey, Kotun Ƙoli ta umarci a mayar da shi Shitta-Bey, wani lauyan gwamnati, bakin aikinsa, tana nuna cewa ma'aikacin da doka ta kafa aikinsa ba baran gida ba ne da za a ce ya tattara nasa-ya-nasa. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya sake jaddada haƙƙin a ji ta bakin kowa.

Saboda haka korar da aka yi cikin fushi takan dawo daga Kotun Ma'aikata da umarnin a biya albashin duk shekarun da aka kwashe, daga aljihun talaka, ko da kuwa mutumin ya ci kuɗin da gaske. Wadda gwani ya haɗa fayil ɗinta kuwa, lauya zai juya shafukan har bango, ya rasa inda zai sa farce.