Ladan Hutar da Gona a Amurka

A Jihar Oklahoma ta ƙasar Amurka akwai wata gunduma da a ke kira Simaron. Da can fili ne na ciyawa, sai shanu. Da alkama ta yi kuɗi, mutane suka sa garmar inji suka tuge ciyawar nan kaf. Sa'an nan fari ya zo, iska ta tarar da ƙasa tsirara, ta yi ta kwasa. Ran 14 ga Afrilu, 1935, ƙura ta taso ta rufe rana, har mutum ba ya ganin tafin hannunsa. A shekarar nan ce gwamnatinsu ta kafa ma'aikatar tsare ƙasar noma.

Daga baya aka ɓullo da wata dabara, watau a biya manomi ya bar gonarsa ta huta. A 1956, zamanin Shugaba Aizinhawa, aka yi dokar da suka kira Bankin Ƙasa. Mutum ya sa hannu zai bar noma wurin shekara 3 zuwa 10, ya shuka ciyawa ko itatuwa, gwamnati ta riƙa ba shi kuɗi kowace shekara. Zuwa 1960 an hutar da fiye da eka miliyan 28.

To, mai karatu, kada ka ce wannan wauta ce. Kowane manomi ya san amfanin saura. Ciyawa ta kan riƙe ƙasa, ta tare iska, ta bar ruwa ya nutse. Wanda kuwa ya hana gonarsa tashi sama ya yi wa maƙwabcinsa aiki, don rairayin da ya bar wannan gona a kan shukar wani zai sauka. Aikin da jama'a ke mora, daidai ne jama'a su biya.

Amma fa an yi gudun gara an faɗa wa zago. An yarda mutum ya ba da gonarsa ɗungum, sai waɗansu suka ba da, suka kulle gida suka koma birni. Masu sayar da iri da taki da kayan inji a ƙananan garuruwa suka yi ta kuka, ciniki ya mutu. Saboda haka da aka sabunta shirin a 1985, aka ƙayyade kada a hutar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar noman gunduma guda. Gaskiya dai, ba shirin kaɗai ya watse ƙauyuka ba, inji ya fi shi laifi. Simaron tana da mutum sama da 5,000 a 1930, a 2020 ba su kai 2,500 ba.

Babban aibin da na gani shi ne, gwamnati haya ta ke yi, ba saye ba. Alkawarin 1985 na shekara 10 ne zuwa 15, in ya cika mai gona yana da ikon mai da garma. Haka kuwa aka yi. A 2007 ƙasar da ke hutawa ta wuce eka miliyan 36. Da masara da alkama suka yi tsada, Majalisa kuma ta rage yawan da za a karɓa, sai ga shi a 2020 ta sauko wajen miliyan 22. Ciyawar da aka yi shekara goma ana biya don ta kafu, kwana biyu ya ishi inji ya birkice ta.

Laifin nan ba na manomi ba ne, shi da ke da bashin banki a wuya. Na mai tsara shirin ne, wanda ya haɗa buƙata biyu a igiya ɗaya: rage hatsin da ya yi wa kasuwa yawa, da tsare ƙasa. Ta fari takan gushe da zarar farashi ya tashi, ta ja ta biyu su tafi tare. Wurin da aka tabbata iska za ta kwashe, kamar jigawar Simaron, ya kamata a biya mai shi sau ɗaya, kuɗi mai kauri, a rubuta cikin takardar gonar cewa kiwo za a yi a nan, ba noma ba, ko ta koma hannun magada.