Komen Rabi: Tarken Alhaki Kuykuyo Ne a Matsayin Littafin Muhawara a Ajin Lise

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ɗaliban lise a ƙasar nan ya san irin shirun da nake nufi. Malami ya gama karanta labari, ya rufe littafi, ya ce, "Wane darasi kuka koya?" Sai aji ya yi tsit. Can wani yaro a layin gaba ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, haƙuri." Malami ya rubuta haƙuri a allo, kowa ya kwafe, a tashi. Yaran nan kuwa su ne waɗanda da an fita tsakar makaranta za ka iske suna ta da jijiyar wuya a kan auren wance da mutuwar auren wane har lokacin shan iska ya ƙare. Wannan takarda za ta duba littafi guda, wato Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, domin a ga abin da ke cikinsa da zai iya shigo da waccan gardama cikin aji, a kuma ga wuraren da ya gaza. Na rubuta ta ne musamman saboda ɗalibanmu na wannan sashe da gobe za a tura kwaleji da lise. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, tambayar abin da za a karanta da yara ta wuce hirar fada.

Marubuciyar haifaffiyar Kano ce, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya, sai daga baya ta koma ajin karatun manya. Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987. Ayyukanta suna cikin rukunin da Ibrahim Malumfashi ya yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano, wanda aka daɗe ana kai ruwa rana a kansa a jaridun Nijeriya cikin shekarun 1990, Abdalla Uba Adamu na cikin masu kare shi. A 2007 har ƙone tarin littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata aka yi a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Shekara biyar bayan haka, a 2012, wani kamfanin ɗab'i na Indiya mai suna Blaft ya buga fassarar wannan littafi zuwa Ingilishi, aikin Aliyu Kamal. Ni kaina, abin kunya, a Turai na fara ganin an ɗora shi a teburin nazari, alhali tun ina yaro nake ganin irinsa a hannun yayyena mata, ana kawo su daga Kano ana karantawa a ɓoye.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Rabi uwar ƴaƴa tara ce, matar Alhaji Abdu, ɗan kasuwa a Kano, wanda ke da abin hannu amma yake ƙuntata wa gidansa wajen cefane. Ya auro Delu, mace mai zaman kanta, rikici ya tashi, ya saki Rabi ya kore ta. Rabi ta kama sayar da abinci, da shi ta riƙe ƴaƴanta. Ƴarta Saudatu, yarinya mai natsuwa, ta auri wani attajiri, Alhaji Abubakar. Sa'annan gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu a kasuwa, Delu ta juya masa baya, ya dawo yana neman Rabi ta koma. Ta ƙi. Mazan dangi suka taru a kanta har ta amince, ba da son ranta ba.

Wanda ya karanta Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi zai ce ai wannan tsohon zance ne: mai kuɗi ya auri karuwa, ta kai shi ta baro. Gaskiya ne ƙashin labarin ɗaya ne. Sai dai a wasan Maƙarfi hankalin mai karatu yana kan Jatau da faɗuwarsa, gargaɗin kuma ga maza aka yi shi, cewa su yi hattara da irin matar da za su kawo gida. Balaraba kuwa, da aka kori uwargida, sai ta bar maigidan ta bi matar zuwa waje. Da ita muka nemi wurin zama, da ita muka ƙirga kuɗin abinci da na makarantar yara. Wannan sauyin mazauni da marubuciyar ta yi shi ne babban abin da littafin ya kawo, kuma shi ne ya sa ya dace da aji, domin ɗan shekara 16 bai taɓa zama Jatau ba, amma da yawansu sun taɓa zama ɗaya daga cikin ƴaƴan Rabi.

Inda littafin ya fi sunansa

Sunan littafin karin magana ne, kuma ya riga ya yanke hukunci tun daga bango: wanda ya ɗauki alhaki, alhakin zai bi shi har gida. Malamin da ya tsaya a nan zai samu jigonsa cikin minti biyar, ya rubuta "sakayya" a allo kusa da "haƙuri". Amma idan aka karanta ƙarshen labarin da idon basira za a ga lissafin bai fita ba. Alhaji Abdu ne ya ɗauki alhakin, to amma wa kuykuyon ya biyo gida? Gidan da Rabi ta gina da guminta ya shigo. Shi ya rasa shago ya samu mafaka. Ita ta ci jarrabawar da rayuwa ta yi mata, ladanta kuma shi ne a ɗora mata ɗawainiyar mutumin da ya wulaƙanta ta. Marubuciyar ba ta fito ta ce an zalunci Rabi ba, ba ta kuma shirya mata bikin farin ciki ba. Ta nuna ƙin da ta yi, ta nuna matsin da aka yi mata, ta bar zancen a nan.

A ganina wannan gurbi da aka bari shi ne wuri mafi daraja a littafin ga malami. Yawancin littattafan da muka gada don makaranta, tun daga Wasan Marafa na Abubakar Tunau mai koyar da tsabta, an gina su ne a kan wa'azi: a nuna mai laifi, a nuna sakamakonsa, a rufe. Suna da amfaninsu, ban raina su ba. Amma labarin da ya gama yanke hukunci bai bar wa yaro aikin yi ba sai gyaɗa kai.

Na gwada wannan a wata lise a Damagaram, ranar wata Laraba da yamma da ba a karatu, lokacin da na bi wani ɗalibinmu da ke koyon aikin koyarwa. Ya karanta musu shafukan ƙarshe, ya tambayi jigo, ya samu amsar da na ambata a farko. Sai na roƙe shi ya canza tambayar zuwa: wa ya ci riba da komen Rabi? Ba a yi minti biyu ba aji ya rabu. Wani saurayi ya ce yaran ne suka ci riba, domin gidan da babu uba gori ba ya ƙarewa a kansa, kuma ranar da za a nemi auren ƙannen Saudatu sai an tambayi inda ubansu yake. Wata yarinya ta mayar masa da cewa duk shekarun da ake ciyar da su ba a tambayi inda uban yake ba. Wata kuma, wadda daga ji ta yi nisa a Islamiyya, ta kawo hukuncin da ke cikin Risala cewa bazawara ba a aurar da ita sai da yardarta, kuma sai ta furta da bakinta, ta ce to yardar da aka samu bayan an yi wa mutum taron dangi sunanta yarda? Wani ya ce yafiya ai ita ce halin manya. Aka ce masa yafiya daban, kome daban. Ni dai ban koya musu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Da su suka shigo, tambayar farko ce ba ta buɗe musu ƙofa ba.

Abin lura shi ne saurayin nan ba shirme ya faɗa ba, kuma kuskure ne malami ya mai da shi abin dariya don ya faranta wa ƴan mata. Maganarsa ita ce hujjar da dangin Rabi suka riƙe, ita ce kuma ake riƙewa a zaurukanmu. Ƙasarmu ba ta da kundin dokar iyali. Yunƙurin da aka yi a shekarun 1990 da na 2011 duk sun watse saboda adawar ƙungiyoyin addini. Saboda haka maganar saki da riƙon yara da ciyar da su, galibi a gaban dangi da malamai da sarakuna ake yanke ta, wato a gaban irin mutanen da yaran nan za su zama nan da shekara 20. Idan saurayi bai taɓa jin an ƙalubalanci hujjarsa cikin mutunci ba, bai kuma taɓa jin ta fito daga bakinsa ya auna nauyinta ba, haka zai kai ta zauren.

Dole in faɗi wani kuskure nawa a nan, don kada wani ya maimaita. A wani aji daban, da na ga gardama ta yi daɗi, sai na ce waɗanda iyayensu suka rabu su ɗaga hannu. Nufina in nuna musu abin ba a littafi kaɗai yake ba. Hannu biyu ko uku suka tashi da ƙyar, aji ya mutu, wata yarinya da ta fi kowa magana a ranar ba ta sake zuwa zaman ba. Sai daga baya na gane cewa Rabi labule ce. A bayanta yaro yake iya faɗin abin da ya gani a ɗakin uwarsa ba tare da ya tona asirin gidansu ba, kuma tarbiyyarmu ba ta yarda ɗa ya kai ƙarar ubansa gaban jama'a ba. Ni na yaye labulen da hannuna. Amfanin ƙagaggen labari a wannan aiki ke nan, ya fi gaban a rubuta "illar saki" a allo a ce a tattauna.

Inda ya gaza

Ba na so a ɗauka littafin ba shi da aibi. Gobarar ta zo da sauƙi ainun. Marubuciyar tana bukatar Alhaji Abdu ya faɗi, sai ta aiko da wuta. Gobarar kasuwa ba baƙon abu ba ce a Kano ko a Yamai, amma a zubin labari ta zama hanyar tserewa daga tambaya mai wuya: da shagon bai ƙone ba fa? Yaran sun san mutane da yawa da suka kori matansu kuma kasuwarsu na ci gaba da bunƙasa. Delu ma ba a yi mata adalci ba. An shigo da ita da tambarin karuwa, ta fita da shi, ba mu san abin da ya fitar da ita daga nata gidan ba. Marubuciyar da ta iya bin Rabi zuwa waje ba ta ga dama ta bi Delu ko taki ɗaya ba, alhali wataƙila Delu wata Rabi ce da ba ta samu jarin tuwo ba. Na taɓa jefa wa ɗalibai wannan magana, ƴan matan ne suka fi ƙin ta.

Babbar matsalar a wurina ita ce Saudatu. Ita ce sa'ar masu karatunmu, ita za su kalla su auna kansu. Me littafin ya ba ta a matsayin ladan natsuwa da kamun kai? Miji mai kuɗi. Ɗaukakarta daga aljihun wani ta fito, irin aljihun da ya tozarta uwarta. A ƙasar da binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana aurar da su kafin shekara 18, yarinyar da ta kai lise ta riga ta tsallake shingaye da yawa, kuma kusan kullum akwai wani Alhaji Abubakar da ake nuna mata. Malamin da ya bar labarin Saudatu ya wuce ba tare da tambaya ba ya taya masu nunin. Maganin da na samu yana hannun marubuciyar kanta: a haɗa da Wa Zai Auri Jahila?, inda Abu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta gudu birni wurin ƴar'uwar iyayenta ta koma karatu har ta tsaya da ƙafarta. A ajiye Saudatu da Abu gefe da gefe, a tambayi aji wace ce a cikinsu gobarar kasuwa ba za ta iya talautawa ba.

Sauran matsalolin na aiki ne. Kwafin littafin yana da wuyar samu a nan, bugun kasuwa kuma cike yake da kurakuran rubutu, ga shi yaranmu da Faransanci suka koyi haɗa baƙi, wasu sai sun yi ta tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ts kafin ido ya saba. Hausar Kano ce, akwai kalmomin da ɗan Tawa ko Dogondutsi zai tsaya a kansu. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne karatu a bayyane, ɗalibi ɗaya na karantawa saura na saurare, kamar yadda suka saba jin irin waɗannan labarai a waya. Kuma ya kamata a sanar da shugaban makaranta tun kafin a fara, domin akwai uban da in ya ji an karanta wa ƴarsa "littafin soyayya" a aji, washegari da sassafe zai iso.

Zaman da na yi na baya-bayan nan na tsayar da karatun daidai inda Alhaji Abdu ya dawo yana roƙo, ban bari sun ji ƙarshen ba, na ce kowa ya rubuta shafi ɗaya na amsar da Rabi za ta ba shi. Daga cikin takardun da na karɓa, waɗanda suka mayar da ita ɗakinta galibi sun gindaya sharuɗɗa, har da wanda ya ce a rubuta a gaban liman cewa gidan nata ne. Wani yaro kuma bai rubuta amsar Rabi ba sam. Ta babban ɗanta ya rubuta.