Jinjina ga Abdus Sattar Edhi da Motocin Agajinsa

Aikin agajin gaggawa, wato kai ɗauki ga wanda haɗari ya rutsa da shi ko ciwo ya kayar kafin lokaci ya ƙure, yana buƙatar tsari kamar yadda yake buƙatar tausayi, kuma ba kasafai ake samun wanda ya haɗa biyun kamar marigayi Abdus Sattar Edhi na Pakistan ba. Bayan ya yi ƙaura daga Gujarat zuwa Karachi a 1947, ya buɗe ɗakin shan magani kyauta a unguwar Mithadar, sannan da annobar mura ta 1957 ta afka wa birnin, gudummawar jama'a ta ba shi halin sayen tsohuwar mota wadda ya riƙa tuƙawa da kansa yana ɗauko marasa lafiya. Daga nan Gidauniyar Edhi ta bunƙasa har ta mallaki ɗaruruwan motocin asibiti da ake kira ta lambar 115, da asibitoci da gidajen marayu, dukansu da kuɗin sadaka, domin ya ƙi dogara ga gwamnati.

Abin da ya fi cancantar yabo shi ne aikin da kowa ke gudu, domin gawar da aka tsinta a kwata ko a bakin teku, wadda ba ta da mai ita, shi yakan yi mata wanka da hannunsa, ya sa mata likkafani, ya binne ta cikin mutunci. A ƙofar cibiyoyinsa kuma an ajiye gadajen jarirai, domin uwar da ta rasa yadda za ta yi ta kwantar da ɗanta ba tare da an tambaye ta suna ba, matarsa Bilkisu, ma'aikaciyar jinya, ta ɗauki nauyin renonsa. Edhi ya rasu a Karachi ranar 8 ga Yuli, 2016.