Karatun Sawu

A daren da ya wayi 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya biyo kogin Ngadda ya shigo Maiduguri mutane suna barci. Gidan namun daji na Sanda Kyarimi da ke tsohuwar GRA yana cikin wuraren da suka fi jin jiki. Hukumar gidan ta ce sama da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun halaka, ta kuma ja kunnen jama'a cewa ruwa ya kwashi kadoji da macizai ya kai su cikin unguwanni. Da ruwan ya janye sai ya bar laka shimfiɗe a tsakar gida da lungu da gindin kowace darbejiya, a kan lakar kuma ga zane iri-iri. Maigida zai fito da sassafe ya tarar an ja wani abu daga bakin kwata zuwa bayan ɗakin girki. Ya hana yara fita, ya tsaya yana kallo, bai san abin da yake kallo ba.

Wanda ya san sawu ba zai daɗe a wurin ba. Tsugunawa zai yi ya ƙirga yatsu. Kada yana da biyar a ƙafar gaba, huɗu a ta baya da fata a tsakaninsu, wutsiyarsa mai nauyi kuma tana barin kwari mai faɗi, in ya ja ciki har shatin ɓawonsa sai ya fito. Guza biyar ne gaba da baya, dogaye sirara masu ƙumba, wutsiyar tana barin siririn layi. In babu ƙafa ko ɗaya, to maciji ne, nan ma da sauran magana. Mesa da kasa, masu kaurin jiki, in ba sauri suke ba miƙe suke tafiya, su bar shati ɗaya sambal. Gamsheƙa kuwa lanƙwasa take yi, a kowace lanƙwasa akwai gefen da ƙasa ta ɗan taru, wurin da ta dogara ta tura jikinta ke nan. Wannan tulin yana nuna inda ta fito, sai a nemi kanta a ɗaya gefen. Cikin ɗan lokaci mutum ya san ko ya kira ma'aikata ne, ko ya bar yara su fita.

Wannan ilimi ne cikakke, kuma maharbanmu sun riƙe shi shekaru aru-aru ba tare da an rubuta musu ko layi ɗaya ba.

Sanin wace dabba ce ta wuce shi ne matakin farko, yaro ma yana iya koyonsa a damina guda. Kura da damisa ba sa ruɗa wanda aka nuna wa sau ɗaya: damisa da zaki suna ɓoye ƙumba in suna tafiya, sawunsu zagayayye ne lumui, ƙarshen tafin yana da kumburi uku. Kura ba ta iya ɓoye tata, ƙumbar tana soke ƙasa a gaban kowane yatsa, kumburin tafinta biyu ne a karkace, ƙafar gaba kuma ta fi ta baya girma ƙwarai. Kashinta in ya bushe fari fat yake zama saboda ƙasusuwan da take taunawa. Kofaton barewa tsukakke ne mai tsini, na akuya kuwa dakusasshe ne a buɗe, domin akuya ta saba da tsakuwar gari. Gadu yana durƙusawa ne in zai ci, sai ka ga shatin gwiwa biyu a gaban inda ya tona, raminsa kuma da baya yake shigarsa, shi ya sa mai hankali ba ya tsayawa a bakin ramin. Jimina yatsu biyu gare ta, babu wani tsuntsu da ke da irinsu.

Inda gwaninta take shi ne sanin yaushe. A nan ne nake ganin maharbi ya cancanci a kira shi malami. Sabon sawu gefensa kaifi gare shi, ƙasar da aka tono ta fi ta kewaye duhu saboda sauran danshi. Iska tana cin gefen a hankali, kuma ba cinta ɗaya ba: na hunturu daban, na bazara daban, a jigawa daban, a baƙar lakar firgi ta gabashin Borno daban, wadda in ta bushe takan riƙe sawun damina har rani ya yi nisa. Saboda haka mai bin sawu dole ya riƙe lissafin daren jiya a kansa, ya tuna lokacin da iska ta tashi da lokacin da ta kwanta, da ko raɓa ta sauka. In raɓa ta zuba a cikin sawun, dabbar ta wuce kafin asuba. In ƙafar ta share raɓar ciyawa, bayan saukarta ta wuce. Sai ya dubi abin da ya taka abin: ɓeran daji da dare yake yawo, in ƙananan ƙafafunsa sun ratsa ta kan kofaton gwanki, gwankin ya riga shi wucewa, in kuma kofaton ne ya murƙushe sawun kurciya, to bayan gari ya waye ne, domin kurciya ba ta sauka kiwo cikin duhu. Ya tsinki ciyawar da aka taka ya ga ko ta soma yaushi, ya sa yatsa a cikin kashi ya ji ko da sauran ɗumi. Duk wannan da hantsi ake yinsa ko da la'asar sakaliya, a sa sawun tsakanin mutum da rana don inuwa ta fito da shi. Rana in ta take tsaka, ƙasa ba ta nuna komai.

Giwa kuwa tarihinta duka take barwa a baya. Hausawa sun ce sawun giwa ya take na raƙumi, amma ba girma kaɗai ke cikinsa ba. Ƙafar gaba zagayayya ce, ta baya mai ɗan tsawo. In aka zagaya sawun gaba da igiya aka ninka tsawon biyu, an sami kusan tsayin giwar daga ƙasa zuwa kafaɗa. Tafin yana da tsage-tsage da suka bambanta daga wannan giwa zuwa waccan, na tsohuwa kuma dunduniyarsa ta suɗe ta yi sumul. Giwa tana fitar da turamen haƙori sau shida a rayuwarta, in na ƙarshe suka cinye ba ta iya niƙa abinci sosai, sai a ga ganye da ɓawo ɗungurungum a kashinta. Daga nan mutum zai ce garken nan uwaye ne da 'ya'ya, akwai jariri a ciki, akwai kuma tsohuwar da take ja baya. Masana na zamani da ke ƙidayar giwaye a dazuzzuka masu duhu da kashin suke yin lissafi, domin ita kanta giwar ba kullum ake ganinta ba.

Bayan gani akwai shiga zuciyar dabba. Sawu yakan ɓace a kan fako ko cikin ciyawa, a nan maharbi ba ya tsayawa laluben ƙasa. Yakan ɗaga kai ya tambayi kansa: in ni ne barewar nan, ga zafi ya soma, ga iska daga gabas, ina zan nufa? Ya tafi gindin aduwar da ya zata, ya sami sawun a can. Wannan sanin hali shi ya haifar da dabarar burtu, inda maharbi zai ɗaura kan tsuntsun a goshinsa, ya lulluɓa da baƙin zane, ya riƙa tafiya a durƙushe yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo, har ya kai inda kibiya za ta isa. Sai wanda ya shekara yana kallon burtu ne zai iya yaudarar barewa da tafiyarsa. Ba banza ba masarautunmu suka ajiye sarautar Sarkin Baka.

Abin baƙin ciki shi ne littafin da ake karantawa yana ƙarewa shafi-shafi. Borno ta ƙarni na 19 tana tura hauren giwa da gashin jimina ta hamada zuwa Tarabulus. Dajin Sambisa, mai nisan kilomita kamar 60 kudu maso gabas da Maiduguri, an keɓe shi ne tun zamanin Turawa, kuma kafin sunansa ya zama abin tsoro, wurin kallon namun daji ne. A 1991 aka kafa Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, hedikwatarsa a nan Maiduguri, da ɓangarori uku: Chingurmi-Duguma a ƙasar Bama, wanda ke maƙwabtaka da gandun Waza na Kamaru, sai fadamun Bade da Nguru, sai dausayoyin Bulatura a Yobe. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980. Gonaki suka faɗaɗa, masu gawayi suka shiga, bindiga ta zamani ta maye gurbin kwari da baka, daga bisani rikici ya hana ma'aikatan gandu shiga wuraren aikinsu. Gauraka, tsuntsun da Najeriya ta ɗauka a matsayin nata, yau da wuya a gan shi a daji. Maharba ma suna da nasu kason laifin, ba a ɓoye wannan. Amma farautar gayya da cinna wa daji wuta da harbi daga kan mota ba su buƙatar sanin sawu. Shi gwanin yakan ga sawun uwa da ɗa ya juya, domin yana so ya dawo baɗi.

Wasu sun kai bakin wannan rami kafin mu. Ɓaunar Amurka ta Arewa, wadda 'yan asalin ƙasar suka dogara da ita wajen ci da sutura da tanti da ibada, ta kai miliyan 30 ko fiye, amma zuwa 1889 saura kamar 1,000. Ƙidayar da William Hornaday ya wallafa a shekarar ita ta farkar da mutane. A 1907 aka ɗauki 15 daga gidan namun daji na Bronx a New York aka kai su Oklahoma, yau kuma ana maganar dubban ɗaruruwa. Kusa da mu, raƙuman dawa na Kure a Nijar saura 49 a 1996. Aka bi su ɗaya-ɗaya, ana gane kowanne da zanen jikinsa, 'yan rakiya na ƙauyukan wurin suna nuna inda suke, har suka haura 600, a 2018 aka ɗebi takwas zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. A duka biyun, ceto ya soma ne daga sanin nawa suka rage da inda suke kwana. A Afirka ta Kudu har manhaja aka ƙera mai suna CyberTracker, mai aiki da hotuna maimakon rubutu, don masu bin sawu da ba su yi boko ba su riƙa shigar da abin da suka gani, masana su yi aiki da shi.

Mu ma muna da mutanen. A watan Mayun 2014 ɗaruruwan maharba suka taru a Maiduguri da adaka da kwari da layu, suna neman a ba su izinin shiga Sambisa neman 'yan matan Chibok da aka sace, hujjarsu kuwa ita ce sun san dajin. Tun daga lokacin idon yawancinsu ya koma kan sawun takalmi da tayar babur, kuma al'umma ta ci moriyar hakan. Sai dai saurayin da ya shiga ƙungiyar maharba a waɗannan shekaru zai iya tsufa bai taɓa bin gwanki ba. Dattawan da suka san kofaton dari da na kanki suna ta raguwa. Ina ganin wajibi ne hukumar gandun daji da Jami'ar Maiduguri su nemo su tun suna da rai, a biya su haƙƙinsu, a haɗa kowane da matasan ma'aikata, a ɗauki hoton abin da suka nuna da bayanin bakinsu. Gidan Sanda Kyarimi zai iya zama ajin farko: a share yashi da yamma a gaban keji, da safe a kawo 'yan makaranta su ga abin da dare ya rubuta.

Kuma akwai aikin da ke jira yanzu. A watan Disambar 2019 aka hango garken giwaye kimanin 250 daga jirgi mai saukar ungulu a kusa da Rann, labarin da ya faranta ran duk mai ƙaunar dajin Borno. Manomin Kala Balge da ke wayar gari ya tarar an tattake masa dawa ba zai yi wannan murna ba, kuma yana da gaskiya. Jirgi yana ganin garke sau ɗaya ya wuce. Mai bin sawu shi zai ce ga burtalin da suke bi daga Kamaru, ga mashayar da suke nufa, ga yawansu, ga kuma kwanakin da suka saba yi kafin su juya. Da wannan bayani ake sanin gonakin da za a kwana gadi da wuta da ganga, da inda za a bar musu hanya, da ƙauyen da za a aika wa saƙo tun suna nesa.